Daga bakin alƙalami zuwa allon kwamfuta: sana'ar Mamoun Sakkal da masu ƙera haruffan Larabci

Duk wanda ya taɓa buɗe Microsoft Word don buga Larabci, ya gangara cikin jerin nau'o'in rubutu, da wuya a ce bai ci karo da Sakkal Majalla ko Arabic Typesetting ba. An buga takardun jarrabawar Islamiyya da katunan walima masu yawa da su, ba tare da masu bugawar sun san cewa akwai hannun mutum ɗaya a cikin duka biyun ba. Sunansa Mamoun Sakkal, ɗan asalin birnin Halab na Siriya, wanda ya karanci zanen gine-gine, ya koma Amurka a 1978, ya zauna a yankin Seattle. Gwanin rubutun hannu ne, kuma maƙerin zubin haruffa na kwamfuta, abin da masu shagon buga takardu ke kira font. Jama'a kan ɗauka sana'a guda ce, alhali biyu ne, kuma iya ta farko ba ya nufin an iya ta biyu.

Ga inda suka rabu. Mai alƙalami yana ganin kalmar da zai rubuta, ya san harafin da ke gaba da na baya, ya san filin da ya rage a layi, sai ya yanke shawara nan take: ya miƙar da wannan, ya ɗora wancan a kan ɗan'uwansa, ya ɗan matsar da ɗigo. Maƙerin font kuwa dole ya yanke duk waɗannan shawarwari tun kafin a rubuta kalmar, kuma ga kalmomin da bai taɓa gani ba, har da na Farisanci da Urdu da Ajami. Na farko kamar tela ne mai ɗinki bisa awon wanda ya zo, na biyu kuma yana ɗinka rigar da ake so ta zauna daidai a jikin duk wanda ya saka.

Horon hannu

A tsarin da Turkawan Usmaniyya suka gyara suka bar wa duniya, ɗalibi yana farawa ne da kayan aiki. Ana fere alƙalami daga busasshen kara mai tauri, a tsaga bakinsa tsaga ɗaya don tawada ta riƙa gangarowa, sannan a ɗora shi kan wani ɗan faifan ƙashi a datse bakin a karkace da sara guda. Wannan karkatar ita ce ke haifar da kauri da siranta a jikin harafi. Bakin alƙalamin Naskh, salon rubutun littattafai, bai cika wuce milimita 1 ba, na Sulusi kuwa, salon manyan haruffa na ado, yakan kai 2 zuwa 3. Idan tsagar ta yi tsawo tawada takan kwararo ta cika idon mim da wau, idan ta gajarta sai alƙalamin ya bushe a tsakiyar ja. Tawadar kuma kunkunniyar fitila ce da ƙaro da ruwa, a daka su tare har su zama abu ɗaya. Ƙaro in ya yi yawa rubutu yakan yi ƙyalli ya riƙa tsattsagewa bayan ya bushe, in ya yi kaɗan kuma yatsa na taɓawa baƙin zai goge. A cikin kurtun tawada ana cusa zaren siliki, domin alƙalami ya ɗebi daidai bukatarsa, bakinsa kuma kada ya bugi gindin kurtu ya dakushe. Ita ma takarda ba a amfani da ita haka nan: ana shafa mata kullun sitaci, sannan farin ƙwai da aka kaɗa da alam, a goge ta da dutse mai santsi, a ajiye ta watanni. A irin wannan takarda alƙalami yana sulɓi, kuma ana iya kankare kuskure ba tare da ta huje ba.

Ma'aunin komai shi ne ɗigo. Idan aka dafa bakin alƙalami aka ja shi daidai faɗinsa, sai a sami ɗigo mai kusurwa huɗu a karkace, da shi ake auna tsawon kowane harafi da faɗinsa da zurfinsa. Ana jingina wannan tsari ga Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa a Bagadaza wanda ya rasu a 940, sannan Ibn al-Bawwab da Yaƙut al-Musta'simi suka tace shi, daga baya Shaihu Hamdullah da Hafiz Usman suka kai shi ƙololuwa a Istanbul. Alif na Naskh kusan ɗigo 5 ne, na Sulusi kusan 7, na Ruƙ'a (rubutun yau da kullum) da Nasta'aliƙ (salon Farisanci da Urdu) 3. Tunda ma'aunin daga alƙalamin kansa yake fitowa, ko an sauya babba ko ƙarami, siffar ba ta lalacewa.

Darasin farko addu'a ce, «Rabbi yassir wa la tu'assir», ɗalibi ya yi ta kwaikwayon layin malaminsa, malam yana gyara masa da jar tawada, yana jera ɗigogi a gefen harafi don ya ga inda ya zarce ko ya gaza. Daga nan sai haruffa ɗaiɗai, sai haɗin kowane harafi da sauran, sai jimloli. Bayan shekaru, idan hannu ya nuna, a ba shi ijaza, ya sami ikon sa sunansa a ƙarƙashin aikinsa. Abin lura a nan, kashi na biyu na karatun, wato haɗa harafi da harafi, shi ne ainihin ilimin da font ke bukata. Wanda ya yi shekara yana haɗa ba da jim, ba da ra, ba da mim, ya san cewa harafin ba na farkon kalma ba siffa ɗaya gare shi ba.

Abin da injin ɗab'i ya yi wa rubutun

Rubutun Larabci ya sha wahala a hannun ɗab'i, kuma sai an san wannan tarihin za a gane darajar aikin masu ƙera font na yau. Littafin farko da aka buga da haruffan ƙarfe na Larabci ya fito a garin Fano na Italiya a 1514, kuma duk mai ido ya kalle shi zai ga haruffan a sandare, mahaɗansu na rabewa. Dalili kuwa shi ne kowane harafin ƙarfe yana zaune a kan ɗan sandansa mai kusurwa huɗu, ba ya hawa kan maƙwabcinsa, ba ya shiga ƙarƙashinsa, alhali rubutun Naskh rabinsa hawa da shiga ne. Madaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira ta magance wannan da yawa: ta zuba ɗaruruwan ƙarafa, har da haɗaɗɗun haruffa biyu da uku a ƙarfe guda, kuma da irin wannan zubi aka buga Alƙur'anin Masar na 1924. Yana da kyau matuƙa, amma jera shi da hannu aiki ne mai cin lokaci.

Jarida ba ta jira. Injin jera haruffa na Linotype maɓallai 90 gare shi, don haka a shekarun 1950 Kamel Mrowa, mai jaridar al-Hayat ta Bairut, ya haɗa kai da kamfanin aka rage yawancin haruffa zuwa siffa biyu kacal, ɗaya ta yi aikin farko da tsakiya, ɗaya ta yi na ƙarshe da na kaɗaici. Zubin da daga baya aka sa wa suna Yakout ke nan. Aiki ya yi sauri, amma rubutu ya kwanta a kan miƙaƙƙen layi ɗaya, kuma idon masu karatu ya saba da hakan har ya zama shi ne ake gani a matsayin Larabcin bugu. A Pakistan an bi ta wata hanya: Ahmed Mirza Jamil ya rubuta dubban haɗaɗɗun gaɓoɓin Nasta'aliƙ da hannu, kamfanin Monotype ya adana kowace a matsayin hoto guda, jaridar Jang ta fara bugu da su a 1981. Kafin nan marubuta ne ke rubuta shafukan jaridun Urdu da hannu kowace rana. Cibiyar Sarki Fahad ta Madina ma ta yi makamancin haka da rubutun Usman Ɗaha, marubucin mus'hafin Madina: ta fitar da font daban ga kowane shafi cikin shafuka 604 na mus'hafin, inda kowace kalma take a matsayin zane guda. Wannan dabara tana kiyaye kyan hannu ɗari bisa ɗari, sai dai ba za ka iya rubuta wasiƙa da ita ba.

Hanyar da Sakkal ya biyo ta ratsa ta Kufi, tsohon salon rubutu mai kusurwoyi. A 1993 ya zo na ɗaya a ɓangaren Kufi a gasar rubutu ta duniya da IRCICA, cibiyar binciken tarihi da al'adun Musulunci, ke shiryawa a Istanbul, kuma digirinsa na uku a Jami'ar Washington, a 2010, a kan Kufi mai murabba'i ya yi shi. Irin wannan Kufin daga aikin magina ya samo asali, inda ake jera bulo ya ba da rubutu a bangon masallatai da hasumiyoyin Iran da tsakiyar Asiya. Ƙa'idarsa mai tsauri ce: ana zana shi a kan gidajen dara, kaurin layi daidai yake da faɗin filin da ke tsakanin layi biyu, babu lanƙwasa, galibi babu ɗigo. Mai yin sa dole ya riƙa kallon farin fili kamar yadda yake kallon baƙin rubutu, kuma ya nemi doka ɗaya da za ta yi aiki a kan kowane harafi. A ganina wannan horon, tare da na zanen gini, shi ya sa sauyawa zuwa font ta zo masa da sauƙi, domin font ma doka ce kafin ta zama zane.

Yadda ake gina font

Lissafin farko mai sauƙi ne. Haruffa 28 ne. Guda 6, wato alif, dal, zal, ra, zaira da wau, ba sa haɗuwa da harafin da ke biye da su, don haka siffa biyu-biyu gare su, 12 ke nan. Sauran 22 kowanne yana da huɗu, 88. Jimla 100, tun ba a zo kan hamza da kujerunta, ta kuri, lam'alif, lambobi da wasulla ba. Wanda ya yi babbaƙu a makarantar allo ya riga ya san wannan, tunda lam jaye daban ake koya masa da lam ara, haka nun guda da nun ara. Lam'alif kaɗai na bukatar zane 8, domin alif ɗin na iya zuwa haka nan, ko da hamza a sama, ko a ƙasa, ko da madda, kuma kowanne yana da na kaɗaici da na haɗe. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a iya karantawa. Arabic Typesetting, wanda Sakkal ya yi tare da Paul Nelson da John Hudson, ya haura zane 2,000, saboda an so ya matso kusa da Naskh na littattafai.

Ba a fara zane daga alif a bi jeri har ya. Ana zaɓar 'yan haruffan da ke ɗauke da halin rubutun gaba ɗaya: alif don tsayi, haƙorin ba da sin, ƙwaryar nun don zurfi, idon mim da wau, cikin ain da jim, jelar ra. Idan waɗannan suka daidaita, a haɗa 'yan kalmomi da su a buga a takarda, a duba a ƙaramin girma da babba, kafin a taɓa sauran. Wasu kan rubuta da alƙalami su ɗauki hoton, wasu kan zana kai tsaye a manhaja irin su Glyphs ko FontLab. Ko ta ina aka bi, kuskure ne a bar manhaja ta bi gefen hoton da kanta, domin za ta kwashe har da rawar hannu da malalar tawada, ta cika harafi da ɗaruruwan maƙalai, wato 'yan wuraren da ke riƙe layin zanen. Da hannu ake sa maƙalan, kaɗan, a ƙarshen kowace lanƙwasa ta sama da ƙasa da dama da hagu, a cikin fili mai awo 1,000 ko 2,048. Kuma gangar jiki daban ake zanawa, ɗigo daban, sannan a haɗa: jim da ha da kha jiki ɗaya ne, haka ba da ta da sa. In an gyara jikin sau ɗaya, duk 'yan gidan sun gyaru.

Mahaɗa ita ce wurin da sabon shiga ke fara faɗuwa. Dole wutsiyar da kowane harafi ke miƙa wa na gaba ta kasance a tsayi ɗaya da kauri ɗaya a duk font ɗin. Saɓanin awo biyu ko uku ya isa ya fito da tudu a tsakiyar kalma. Kuma ana barin wutsiyar ta ɗan zarce iyakar harafin, ta shiga cikin na kusa da ita, domin idan bakinsu kawai ya taɓa juna, allon waya ko fayil ɗin PDF zai nuna siririn farin layi a tsakaninsu.

Sai dokoki. Kwamfuta lamba ɗaya ta sani ga kowane harafi a tsarin Unicode, wanda ke ba haruffan duniya lambobi. Harafin ba, alal misali, 0628 ne ko a ina ya faɗo. Wata manhaja ta ciki ce ke duba maƙwabta ta ce wannan ta farko ce ko ta tsakiya, sannan ta tambayi font ɗin wane zane ya tanada, ta hanyar dokokin da maƙerin ya rubuta a cikin font ɗin bisa tsarin da ake kira OpenType. Irin wannan manhaja ba ɗaya ba ce: Android da Chrome da Firefox suna amfani da HarfBuzz, Microsoft na da tasa, Apple ma haka. Shi ya sa font kan yi kyau a waya ya watse a Word, kuma shi ya sa gwaji a kowanne ya zama wajibi.

A cikin waɗannan dokoki ne ilimin alƙalami ke dawowa. Idan haƙora uku suka jeru, kamar ba da ya da nun, mai rubutun hannu yakan ɗaga ɗaya don kada a karanta sin. Font ɗin da ba shi da wannan doka yana gajiyar da ido. Idan harafin ya na tsakiya ya bi harafin ba, ɗigo uku ke cunkushewa a ƙasa, sai a ɗan tsawaita mahaɗar ko a matsar da ɗigon. Bayan ra da wau kuma wani fili kan buɗe wanda ke kama da rabuwar kalma, dole a jawo harafin gaba ya shiga saman jelar, amma a kula kada jelar ta soki ɗigon ba ko ya. A kalma irin Muhammad, Naskh na gaske yana ɗora mim a kan ha, rubutun ya sauko daga sama. Yin haka na bukatar a sa wa kowane zane wurin shiga da wurin fita, kwamfuta ta riƙa ɗaga harafi gwargwadon wanda ke biye da shi. A Nasta'aliƙ kowace kalma haka take gangarowa, kuma idan ba a bar isasshen fili tsakanin layuka ba, kan kaf yakan yanke.

Wasulla sun fi komai cin rai. Kowane zane ana sa masa maƙali a sama da ƙasa inda fataha ko kisira za ta zauna, la'akari da tsayinsa da ɗigoginsa, domin fatahar da ta dace da harafin ba, in aka ɗora ta kan harafin sa, sai ta faɗa cikin ɗigoginsa. Shadda ma tana da nata maƙalin da wasali zai hau. Haɗaɗɗen zane kamar lam'alif kuwa sai an ba kowane ɓangare nasa, in ba haka ba wasalin lam ya koma kan alif. Akwai wata matsala da duk mai buga littafin addini ya sani: wasu font ɗin da zarar an buga lam biyu da ha sai su fito da sunan Allah ɗauke da shadda da ƙaramin alif da kansu, idan mai bugu ya ƙara tasa shaddar sai su zama biyu, ɗaya kan ɗaya. Maƙerin kirki yakan rubuta doka ta musamman don hana wannan.

Jan layi don cika sahu ma haka. A hannu, jan yana da ɗan lanƙwasa kamar igiyar da ta saki, yana da wuraren da ya halatta, kuma ba a cika yin sa fiye da sau ɗaya a kalma ba. Kwamfuta kuwa miƙaƙƙen sanda take cusawa duk inda ta ga dama. Gara a bar gefen layi bai daidaita ba da a cika shafi da waɗannan sanduna.

Wani ɓangare mai girma na aikin yau shi ne haɗa Larabci da boko a allo ɗaya, a filin jirgi ko a takardar banki. Shilia, wani zubin na Sakkal, shi aka yi amfani da shi a allunan nuni na Burj Khalifa a Dubai. Jarabar da ke nan ita ce a matse Larabci ya bi awon boko, a daidaita kawunan haƙora da idanu duka a tsayi ɗaya, a gajarta jela. Yana ba da tsafta daga nesa, amma yana kashe bambancin da ido ke dogara da shi wajen gane kalma. Abin da ya kamata a daidaita shi ne nauyin baƙi a shafi da girman da ido ke ji, kowane rubutu kuma a bar shi da ƙashinsa.

Ta fuskar abinci, sana'ar ƙafa uku take tsayawa a kai: aikin hannu da ake yi wa masallatai da masu buga littattafai da masu neman tambari, font na musamman da kamfani ko gwamnati ke biya a ƙera mata, da kuma kason da ake samu daga sayar da lasisi. Na ukun shi ne mafi rauni, saboda kwafar font ba tare da biya ba ta zama ruwan dare. Wasu sun zaɓi sakin aikinsu kyauta, kamar Khaled Hosny na Masar da ya farfaɗo da zubin Bulaƙ da sunan Amiri. Masu neman karatun fannin a jami'a kuwa sukan nufi Jami'ar Reading a Ingila, inda Nadine Chahine ta Labanan ta yi karatu kafin ta ƙera Frutiger Arabic, ko makarantar zane ta birnin Hague a Holan.

Duk font ɗin da aka ambata zuwa nan na rubutun gabas ne. Wanda ya tashi da Warshu ya san fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, kuma nun da fa da ƙaf sukan zo babu ɗigo a ƙarshen kalma. Sai a 2016 Unicode ya ba waɗannan haruffa uku lambobinsu na kansu. Ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da Harmattan don Ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami wanda ya kwaikwayi rubutun Kano mai kauri, amma filin har yanzu a buɗe yake. Mai son shigarsa zai fara ne da tattara shafukan marubuci ɗaya, kada ya gauraya hannuwa, ya ciro kowane harafi a duk siffofinsa, ya auna kaurin alƙalamin a kan tsayin alif, ya tanadi ɗigon imala da haruffan Hausa masu ɗigo uku. Kuma tunda a Alƙur'anin hannu wasali da ja ake sa shi, hamza da ruwan ɗorawa, dole ya bar kowace alama a matsayin zane mai zaman kansa, kada ya manne ta da harafi, sannan ya gwada a manhajoji daban-daban, domin wasunsu da zarar an sauya launin wasali sai su tsinke mahaɗar kalmar.